Kirari Ba Ya Biyan Haƙƙi: Ma'aunin Gwarzo da Ladan Ɗalibi Ɗan Wasa

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ke da wasannin motsa jiki takan fuskanci tambayoyi guda biyu. Ta farko ita ce, wane ɗan wasa ne ya cancanci a riƙa tunawa da shi bayan ƙarfinsa ya ƙare? Ta biyu kuwa, mene ne haƙƙinsa a lokacin da yake zubar da gumi, musamman idan ɗalibi ne da ke wasa da sunan makarantarsa? Mutane da yawa sukan ɗauka tambayoyin nan na manyan birane ne da ƙasashen Turawa. Ba haka abin yake ba. Malamin da aka tura wata firamare a Jogana ko Tsamiya Babba ko Wangara, a Ƙaramar Hukumar Gezawa, aka kuma ɗora masa kula da wasanni, zai yi karo da su tun a zangonsa na farko.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, girmamawa daban, haƙƙi daban. Bashi biyu ne a kan al'umma, kuma biyan ɗaya ba ya sauke ɗaya. Mu a nan mun fi ƙwarewa wajen kirari da tafi, muka bar haƙƙi a baya. Ita ma girmamawar ba mu yi mata ma'auni ba, shi ya sa take tafiya da son rai, ta kuma mutu da mutuwar waɗanda suka gani da ido.

2.0 Yadda Bahaushe Ya Auna Gwarzo

Kafin zuwan boko Bahaushe yana da hanyoyinsa na tantance gwani. A ƙasar noma irin ta Gezawa, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, lokacin kaka shi ne lokacin wasa. Da zarar an kai gero da dawa rumbu, an cire gyaɗa, sai fagen dambe da na kokawa su buɗe. A dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, hukunci a bayyane yake: wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi, ba gardama. A kokawa ma wanda aka kayar ya san an kayar da shi, jama'a kuma sun gani.

A fagen noma ma'aunin ya fi haka tsauri. A wasu sassan ƙasar Hausa, musamman wajen Maraɗi da Gobir, ba a kiran mutum sarkin noma na ainihi sai ya yi dubu, wato ya tara dami dubu na hatsi. Bayan haka ma sai ya yi biki, ya ciyar da jama'a, ya yi rabo. A nan za mu ga sharaɗi biyu sun haɗu: bajintar da ake iya ƙirgawa, da kuma halin da jama'a suka shaida. Haka kuma, wanda ya kira gayya ya san tilas ne ya tanadi fura da tuwo. Makaɗin gangar noma yana zuga samari da kirari, amma babu mai gonar da ya taɓa cewa kirarin ya wadatar, ya sallami mutane da yunwa. Ke nan tun asali Bahaushe ya bambanta zuga da haƙƙi.

Sai dai wannan tsari yana da rauni ɗaya babba. Ma'ajiyar tarihin ɗan wasa ita ce bakin makaɗi. Yau duk mai nazarin waƙar baka ya san Shago da Ɗandunawa, domin Ɗan Anace ya waƙe su, waƙoƙin kuma sun shiga faifai da rediyo. To ina sauran 'yan damben zamaninsu da ba su dace da makaɗi mai irin wannan baiwa ba? Ina 'yan kokawar ƙauyukan arewacin Kano da suka yi shekaru bayansu bai taɓa ƙasa ba? Sun tafi da sunayensu. Makaɗi ba alƙali ba ne. Yana waƙe wanda ya burge shi, da wanda ya yi masa alheri, kuma babu laifi a kansa, sana'arsa ke nan. Laifin yana kanmu da muka iya rubutu amma muka ƙi rubutawa.

Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗan tsere mana a wannan fanni. Tun shekarar 1975, da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ana da jerin sunayen zakarun da suka biyo baya. Saboda haka idan aka tashi musu kan wanda ya fi wani, akwai abin da za a duba, ba sai an dogara da "an ce" ba.

3.0 Muhawarar Zauren Gwaraje a Amurka

Domin mu ga inda musun ma'auni kan kai, yana da kyau mu leƙa wata ƙasa da ta daɗe tana yin sa. A Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda. An gina wa gwanayen wasan wani zaure na tunawa a garin Cooperstown da ke jihar New York. An zaɓi mutum biyar na farko a 1936, aka buɗe zauren a 1939. Ƙa'idar shiga a rubuce take. Sai ɗan wasa ya yi aƙalla shekara 10 a babban rukuni, ya kuma yi shekara 5 da ajiye wasa, sannan ya samu kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un marubuta labarin wasan. An kuma umarci masu zaɓe su duba bajintarsa da gaskiyarsa da halinsa.

Wannan sharaɗi na hali shi ne ya zama ƙashin bayan rigima. Barry Bonds ya fitar da ƙwallo daga fili sau 762, babu wanda ya kai shi a tarihin babban rukunin, amma saboda zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari, marubuta suka hana shi shiga har damarsa ta ƙare a hannunsu a 2022. Pete Rose ya fi kowa yawan bugun da ya yi nasara, har 4,256, amma aka kore shi daga harkar wasan a 1989 saboda caca a kan wasanni. Ya rasu a 2024 bai shiga zauren ba, sai a 2025 aka ɗage masa takunkumin. Masu goyon bayan irin waɗannan 'yan wasa suna cewa zauren na gwanaye ne, ba na waliyyai ba. Suna kuma tunatarwa cewa an daɗe da shigar da mutanen da suka goyi bayan hana baƙar fata wasa a babban rukuni, hanin da bai kau ba sai da Jackie Robinson ya shiga a 1947. Masu adawa kuwa cewa suke yi, wanda ya cuci wasan da kansa bai kamata wasan ya ɗaukaka shi ba.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, kuma ana iya haɗa rabi da rabi. Laifi iri biyu ne. Akwai laifin da mutum ya yi a rayuwarsa ta gida ko ta kasuwa, wanda hukuncinsa yana hannun kotu da iyali da al'umma. Akwai kuma laifin da aka yi wa wasan kansa, wanda ke mayar da sakamako ƙarya: shan ƙwaya, sayar da wasa, rage shekaru, ko ɓoye wani abu mai cutarwa a cikin naɗin hannun dambe. Na farko bai kamata ya shafe bajinta ba, domin idan aka ce sai marar aibi, zauren zai zama kango. Na biyu kuwa yana rushe bajintar tun daga tushe, domin wanda ya cika daminsa da na sata bai yi dubu ba.

4.0 Kura da Shan Bugu

Tambaya ta biyu, wato ta lada, ita ma ta daɗe tana wahalar da Amurkawa. Shekaru da dama ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'insu, NCAA, ta dage cewa ɗalibi ɗan wasa ba ma'aikaci ba ne, don haka ba shi da wani abu sai kuɗin makaranta da abinci da makwanci. Amma a 2010 ƙungiyar ta sayar wa gidajen talabijin izinin nuna gasarta ta ƙwallon kwando a kan dala biliyan 10.8 na tsawon shekara 14. Masu horarwa suna kwasar miliyoyi, makarantu suna gina filaye, yaran da ke karya ƙafa kuwa an hana su karɓar ko sisi da sunansu. Masu iya magana sun ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani tsohon ɗan wasa mai suna Ed O'Bannon ya kai ƙara a 2009, bayan ya ga an yi amfani da siffarsa a wasan kwamfuta ba tare da izininsa ba. A 2021 Kotun Ƙoli ta Amurka, da bakin alƙalanta tara gaba ɗaya, ta yanke wa NCAA hukunci a wata shari'ar mai kama da wannan, kuma a shekarar aka halatta wa ɗalibai cin moriyar sunansu da hotonsu. A 2025 wata kotu ta amince da sulhun da ya tanadi diyyar kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma ba jami'o'i damar biyan 'yan wasansu kai tsaye.

Labarin Jim Thorpe shi ne ya fi nuna yadda tambayoyin biyu ke cuɗanya. Wannan ɗalibi, ɗan asalin Indiyawan Amurka, ya ci lambobin zinariya biyu a wasannin Olamfik na 1912 a ƙasar Suwidin. A 1913 aka ƙwace su, ba don ya yi maguɗi ba, sai don an gano ya taɓa buga besbol an ba shi ɗan abin kashewa. Ya rasu a 1953. Sai a 1982 aka mayar masa da matsayinsa, wato bayan kusan shekara 30 da binne shi. Ɗan talaka ne aka hukunta don ya nemi abin da zai ci, a ƙarƙashin dokar da ta fi dacewa da 'ya'yan masu hali waɗanda ba su da buƙatar lada.

5.0 Halin da Muke Ciki a Gida

Wani zai ce ai mu ba mu da biliyoyin da za a raba. Gaskiya ne. Gasar jami'o'in Nijeriya, NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, da ta kwalejojin ilimi, NICEGA, ba sa kawo irin wannan kuɗi. Amma rashin biliyoyi bai kawar da haƙƙi ba, girmansa kawai ya rage. Kuma tarihinmu ya nuna cewa ko a inda akwai hali, jinkiri ya zame mana ɗabi'a. Yaran da suka ciyo wa Nijeriya kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 a ƙasar Sin a 1985, sai a 2016 aka cika musu alkawarin da aka yi musu. 'Yan wasan da suka ci kofin Afirka a 1994 an yi musu alkawarin gidaje, amma da yawansu sai a 2021 aka amince a ba su. Kafin nan Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya, ya riga mu gidan gaskiya tun 2012.

A ranar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko tawagar jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a jihar Ogun ta faɗa daga wata gada a kan hanyar Zariya zuwa Kano, mutum 22 suka rasu, Allah ya jiƙan su. Wannan babban rashi ya kamata ya tunatar da duk mai ɗaukar matasa zuwa gasa cewa ɗan wasa ba lokacinsa kaɗai yake bayarwa ba, har da lafiyarsa, wani lokaci ma da ransa.

Mu sauko ƙasa, mu dubi yaron ƙauye. Ɗalibin sakandare a yankin Gezawa ba shi da lokacin banza. Da damina yana gona da yamma, da kaka yana ɗaukar dami, da rani yana kiwo ko yana taya mahaifinsa a kasuwa. Yarinya kuma tana da aikin gida da ke jiran ta. Duk yammacin da aka riƙe su a fili don atisaye, gida ne ya yi asarar hannu. Duk makon da aka tafi da su gasa, darussa ne suka wuce su. Idan yaro ya goce ƙashi, sau da yawa mahaifinsa ne zai nemi mai ɗori da kuɗin aljihunsa. In an ci kofi, sai a ajiye shi a ofis, a ɗauki hoto da manyan baƙi, a sallami yaron da sabulu ko bokiti. Bayan shekara biyar ba wanda zai iya faɗin sunansa. Wannan yaro an ci bashinsa sau biyu: ba a biya shi haƙƙi ba, ba a kuma adana sunansa ba.

6.0 Hujjar Masu Adawa

Ba daidai ba ne a yi watsi da hujjar waɗanda ke tsoron shigar kuɗi cikin wasannin makaranta. Suna cewa da zarar an sa lada, makarantu za su fara hayar ƙarti daga gari a sa musu rigar ɗalibai, yara kuma za su bar aji su tare a fili. Wannan tsoro yana da tushe. A 1989 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓani a shekarun haihuwar wasu 'yan wasa. Kuma duk wanda ya taɓa halartar gasar makarantu ya san yadda ake kallon wani "ɗan aji uku" ana murmushi.

Amma mu lura, wannan maguɗi ya bunƙasa ne a lokacin da ba a biyan ɗalibai komai. Ke nan ba haƙƙin yaro ne ya haifar da shi ba, kwaɗayin manya ne na son kofi ko ta wane hali. Maganinsa shi ne rajista mai kyau da tsoron Allah, ba tauye yaro ba. Bugu da ƙari, abin da ake nema a nan ba albashi ba ne. Makaranta ba kulob ba ce, kuma karatu shi ne gaba. Abin da ake nema shi ne kada ɗalibi ya yi asara don ya wakilci makarantarsa, sannan idan wasansa ya kawo wani abu, a ba shi rabonsa.

7.0 Abin da Malami Zai Iya Yi

Ta fuskar haƙƙi, akwai abubuwa biyar da ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba. Na farko, a nemi yardar iyaye kafin a tafi da yaro ko'ina. Na biyu, abinci da ruwa da mota mai lafiya su kasance a wuyan makaranta, kada kuma a yi tafiyar dare don gudun kuɗin masauki. Na uku, duk raunin da aka ji a fili, makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai su ɗauki jinyarsa. Na huɗu, a rama wa ɗalibi darussan da suka wuce shi, domin wannan shi ne ladan da malami ke iya biya daga aljihun iliminsa. Na biyar, duk gudummawar da manyan baƙi suka bayar a ranar wasanni, a bayyana ta a fili, a ware wa 'yan wasa kaso sananne, ko da ta hanyar biya musu kuɗin jarrabawa ne ko sayen littattafai. Haka nan, a wannan zamani da ake ɗaukar bidiyon wasa da waya a ɗora a YouTube ko Facebook, kada a yi talla da hoton yaro ba da sanin iyayensa ba.

Ta fuskar girmamawa kuwa, abin da ake buƙata bai wuce littafi mai bango mai ƙwari da allo a jikin bango ba. A riƙa rubuta sakamakon kowace gasa: suna, aji, shekara, da abin da aka yi, ko tsere ne ko tsalle ko langa ko kokawa. Sannan a tsara ƙa'idar hawa allon girmamawa tun kafin a san wanda zai amfana. Bajintar ta zama rubutacciya. Ta zama ta ɗore, ba ta rana ɗaya ba. Wanda aka kama da maguɗi a wasa ba ya hawa, ko ɗan wane ne. A jira sai ɗalibi ya gama makaranta, domin zafin kai ya huce. Masu zaɓe su kasance kwamiti, ba mutum ɗaya ba, kuma ban da wanda ya ba da kuɗi don a sa nasa. A ƙarshe, ma'aunin ya haɗa maza da mata, domin yarinyar da ta fi kowa gudu a gundumarta ba ta gaza yaron da ya ci ƙwallo ba.

8.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa musun wanda ya isa gwarzo da musun abin da ya kamata a ba ɗalibi ɗan wasa ba baƙin abubuwa ba ne a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun ƙirga dami kafin su naɗa sarkin noma, sun kuma dama fura kafin su kira gayya. Abin da ya rage mana shi ne mu ƙara da alƙalami, wanda su ba su yi amfani da shi a wannan fage ba. Yabon gwani ya zama dole, amma yabon da ba shi da ma'auni fadanci ne, wanda kuma bai zo da haƙƙi ba yaudara ce. Ɗalibin da ke shirin zama malami ya sani cewa yara suna koyon adalci daga abin da suka ga an yi musu fiye da abin da aka rubuta musu a allo. Don tuwon gobe ake wanke tukunya: uban da ya ga an kula da ɗansa a bana, shi ne zai saki ƙaninsa ya zo fili baɗi.

Tambayoyin Bita

1. Bambanta tsakanin laifin da aka yi wa wasa da laifin da ɗan wasa ya yi a rayuwarsa. Ka yarda da wannan rabe-rabe? Kawo hujjojinka.
2. Wane rauni marubucin ya gani a dogaro da makaɗa wajen adana tarihin 'yan wasa?
3. Rubuta maƙala mai shafi biyu da ke adawa da ra'ayin ba ɗalibai kaso daga gudummawar ranar wasanni.